KAFIN KA KAMA RUMFA

Wannan jawabi ɗaya daga cikin dattawan 'yan kasuwarmu na Sabo ne ya gabatar da shi a zaman da ƙungiya ta shirya wa matasa a nan Ibadan. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ina gaida mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, da shugaban wannan ƙungiya tamu, da malamanmu, da iyayenmu mata da ke zaune can baya, da ku 'ya'yanmu da ƙannenmu waɗanda dominku aka yi wannan zama.

An ce in yi magana a kan yadda yaro zai koyi kasuwanci har ya kai ga kafa nasa na kansa. To ni dai ba ɗan boko ba ne, iyakacina makarantar allo da Islamiyya, sai kuwa abin da kasuwa ta karantar da ni cikin shekara talatin da 'yan kai da na yi ina harkar hatsi da kayan gwari tsakanin Arewa da nan Kurmi. Saboda haka wanda ya zo jin Turanci sai ya yi haƙuri da ni.

Jama'a, da wuya mako ya wuce wani yaro bai same ni a rumfa ba, ya durƙusa ya ce, Alhaji a taimaka mini da jari. Ni kuwa kafin in taɓa aljihu sai na yi masa tambaya. Me za ka sayar? Wa zai saya a wurinka, ya bar wanda ya saba da shi? In ka kawo kayan nan har bakin rumfa, nawa suka tsaya maka? Wallahi mafi yawansu a tambaya ta biyu suke tsayawa. Wani ma cewa yake, ai Alhaji in kuɗin ya zo hannu dabara za ta zo. To ba ta zuwa. Wanda ka ba shi kuɗi bai san kaya ba, ka ba shi ne ya kai wa waɗanda suka san kayan, kuma cikin wata uku za su karɓe abinsu a hannunsa salin alin, ba faɗa ba zagi.

Ku dubi yadda wannan unguwa da muke zaune ta kafu. An keɓe wa Hausawa Sabo a cikin 1916, kuma abu biyu ne suka riƙe ta, shanu da goro. Shanu su gangaro daga Arewa, goro ya hau. Akwai wani Bature mai bincike, Abner Cohen, wanda ya zo ya zauna a nan Sabo a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kan kakanninmu aka buga a 1969. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yadda ake cinikin dukiya mai yawa ba banki, ba takardar lauya. Mai shanu ya taso daga can gida ya sauka a gidan maigida, a ba shi masauki da abinci. Dillalan maigida su kai shanun kara su sayar wa mahauta Yarbawa bashi, sai bayan 'yan makonni a biya. Baƙon nan bai san mahaucin ba, bai san ƙofar gidansa ba, bai ma jin yarensa. Wa ya tsaya masa? Maigida. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa. Shi kuwa maigida abin da ya sa yake iya tsayawa, ya san kowane mahauci ciki da bai: ya san wanda zai iya ɗaukar sa biyar ya biya a kan lokaci, ya san wanda ko maraƙi ba a ba shi. To wannan sanin, da sunan da ya yi na cewa ba a taɓa cin kuɗin baƙo a gidansa ba, su ne dukiyarsa ta gaskiya. Su ne kuma ya ɗauki shekaru yana tarawa tun yana yaron wani.

Haka marigayi Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Kowa labarin raƙuma ashirin na kuɗin azurfa da aka ce ya kai banki a Kano a 1929 yake bayarwa. Ba a cika ba da labarin shekarun da ya yi yana bin hanyar Gwanja ba, yana koyon goro, har ya gane cewa a ɗora shi a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko ya fi a biyo da shi ta ƙasa da jakuna. Ai sai wanda ya taka hanyar da ƙafarsa, ya san abin da take ci na kwanaki da na dabbobi, shi zai iya gane hakan.

Saboda haka shawarata ta farko ga yaron da ke son kasuwa, ya nemi maigida ya zauna a ƙarƙashinsa. Ba zaman jiran kuɗin abinci ba, zaman buɗe ido. Maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Ibo sun riƙe wannan abu da kyau. Yaro ya zo wurin ubangidansa a Anacha ko Aba ko kasuwar Alaba ta Ikko, tun ranar farko an yanke shekarun da zai yi, biyar ko shida ko bakwai, a gaban iyayensa. Ranar da wa'adi ya cika a sallame shi da jari, wani har da rumfa. Mu ma muna da irin wannan tun kaka da kakanni, maigida ya yi wa yaronsa aure, ya ba shi ɗaki, ya ɗora shi a kan hanya. Amma a nan, 'yan'uwana masu gida, ku gafarce ni, sai na faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Namu ba shi da wa'adi. Sai ka ga mutum ya shekara goma sha biyar yana buɗe rumfa yana rufewa, gemu ya fito har ya fara furfura, ana ce masa yaron Alhaji. In ya yi maganar sallama a ce ya yi butulci. To wannan shi ke sa yaro ya fara taɓa kuɗin ciniki a ɓoye, domin ya ga ba ranar da za ta zo. Kuma shi ke sa ƙannensa su ce su ba za su yi wa kowa bauta ba, gara su hau babur. In muna son 'ya'yanmu su dawo koyon kasuwa, sai mun yanke musu wa'adi a gaban shaidu, mun kuma cika.

Kai kuma yaro, me za ka koya a shekarun nan? Ka koyi kaya. Mai goro da ya ɗaga ganye ya duba ya san wanda sankara ta shiga, ya san wanda zai kai daushe. Mai albasa da ya matsa wuyanta ya san ko ta bushe sosai ko za ta ruɓe kafin mota ta wuce Jebba. Ka koyi lokaci: tumatirin rani na Kadawa da Ɗanja yakan cika kasuwa har a rasa mai ɗauka, da damina ta kama kuwa sai kwando ya yi tsadar da matan gida za su koma na gwangwani. Albasar Aliero tana araha lokacin da aka kwashe ta a rani, tana tsada can ƙarshen shekara. Ka koyi abin da mutanen gari ke so, don ba abin da kai kake so za ka sayar ba. Bayerabe jan wake yake nema, irin wanda suke kira oloyin, in ka cika rumfa da fari kana iya wuni kana hamma. Ka koyi awonsu, a gida mudu da tiya muka sani, a nan Bodija da kongo ake awo. Uwa uba ka koyi Yarbanci. Abin kunya ne a haifi yaro a Sabo, ko ya shekara goma a garin nan, a ce sai an yi masa tafinta shi da mai sayen kayansa. Matar da ka gaishe ta da harshenta, ka tambaye ta yara, gobe rumfarka za ta fara dubawa. Da ɗan gari akan ci gari.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi kashe sabon ɗan kasuwa, watau rashin sanin nawa kaya suka tsaya masa. A nan zan ɗan daɗe, ku ba ni hankalinku, wanda ke da biro ya rubuta. Misali ne kawai zan yi, ba farashin kasuwar yau nake ba ku ba.

Mu ɗauka yaro ya tafi Aliero ya sari albasa buhu 20, kowane buhu Naira 50,000. Ya biya miliyan ɗaya ke nan. Ya kawo nan, aka taya buhu 65,000, ya sallama yana murna, a ransa ya ci 15,000 a kowane buhu, watau 300,000. Har ya buga waya gida ya ce a fara neman masa fili. To mu bi sawun kuɗin. Mota ta ɗauko masa a kan 8,000 kowane buhu, 160,000 ke nan. 'Yan dako sun loda can sun sauke nan, a ce 1,500 a buhu, 30,000. Kuɗin hanya da harajin kasuwa da na ƙungiya, a ce 2,000 a buhu, 40,000. La'adar dillali 1,000 a buhu, 20,000. Ku tara. Kayan sun tsaya masa 1,250,000. Ba a gama ba. Albasa ta kwana uku a mota cikin zafi, da aka zazzage aka tsince ruɓaɓɓu aka sake cika buhuna, sai 18 suka tashi. Ka raba 1,250,000 gida 18, kowane buhu ya tsaya masa kusan 69,500. Shi kuwa ya sayar 65,000. Abin da ya shigo hannunsa 1,170,000. Ashe faɗuwar 80,000 ya yi, ban da kuɗin motarsa shi kansa da abin da ya ci a hanya. Kuma abin tausayin, bai sani ba. Yana ganin damin kuɗi a aljihu, zai aika gida, zai ɗinka shadda, zai koma sari da abin da ya rage. Sawu na biyu buhu 16 zai iya saye, na uku 12, kafin Sallah ya dawo yana cewa an yi masa asiri ko kasuwa ta lalace. Ba wanda ya yi masa komai, lissafi ne bai yi ba.

Kuma kuɗin mota a yanzu ba abin rainawa ba ne. Tun da man gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, aka zo aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, abin da hanya ke ci ya zama babban kaso a cikin kowane buhu. Duk wanda zai yi sari, ya san kuɗin motar ranar kafin ya taya kaya, ba bayan ya saya ba.

Maganin wannan abu ba tsada gare shi ba, littafi ne na 'yan makaranta da biro. Duk abin da ya fita ka rubuta, ko kuɗin ruwan leda ne. Duk abin da ya shigo ka rubuta. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, iyayenmu da shi suka riƙe lissafin huhun goro ɗari-ɗari. Ranar Juma'a bayan an sauko, ko duk ranar da kasuwarka ke da sauƙi, ka zauna ka ƙirga kayan da ke ƙasa, da kuɗin da ke hannu, da bashin da kake bi, ka cire bashin da ake bin ka. Abin da ya rage shi ne kai. Ko zakka ma ai ba ta fituwa sai da wannan. Ta yaya za ka fitar da ɗaya cikin arba'in na abin da ba ka san yawansa ba?

Sa'an nan ka raba uwar kuɗi da aljihunka. Uwar kuɗi ba taka ba ce, ta rumfa ce. Ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka a mako kamar kai ma yaron shago ne, a cikinsa za ka ci, a cikinsa za ka aika gida. Na san wannan da wuya a wurinmu. Mu mutanen ci-rani ne asalinmu, duk wanda ke Kurmi mutanen gida gani suke shebur yake sa wa kuɗi. Yau suna, gobe biki, jibi an kwantar da wance a asibiti. Zumunci wajibi ne, ban ce a yanke ba. Amma kazar da ke maka ƙwai in ka yanka ta don baƙo ɗaya, baƙon gobe ko ƙwan ba zai samu ba. Ka ba da daga riba, ka ce wa mai roƙo ga abin da ya sawwaƙa. Wanda ya yi fushi bana, in rumfar ta tsaya shi ne zai ci moriyarta shekara goma.

Maganar bashi kuwa, Hausawa sun ce hanji ne yana cikin kowa, kuma a kasuwar nan tamu ba ka iya cewa ba ka bayarwa sam. Matan da ke saye a wurinmu su kasa, yawancinsu sai sun sayar suke kawowa. Amma sabon ɗan kasuwa yakan ba da bashi don kunya, ko don tsoron kada a guje shi. Ka fara da kaɗan. Wadda ta ɗauki rabin buhu ta biya ranar da ta ce, sau uku, sau huɗu, to ka ƙara mata. Ka san rumfarta, ka san wanda ya kawo ta. Kuma ka rubuta a gabanta, da rana da wa'adi. Mu da muka yi Islamiyya mun san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. To in Ubangiji da kansa ya yi umurni a rubuta, kai wane ne da za ka ce kunya kake ji? Wani sabon abu kuma da ya zo da zamani, shi ne a nuna maka waya a ce an tura. Kada kaya su bar gabanka don ka ga saƙo a wayar mai saye, ko don wani saƙo ya shigo taka. Ka buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗin sun zauna. Yara da yawa an kwashe musu kaya da saƙon bogi.

To ina jarin zai fito? Ga wanda ya yi zaman koyo da gaskiya, wannan tambaya takan zo da sauƙi, don kafin ya gama mutanen sari sun san fuskarsa. Akwai wanda zai ce masa ɗauki buhu biyar, in ka sayar ka kawo. Yawancinmu da kuke gani a nan gaba da haka muka tashi. Ni kaina maigidana, Allah ya jiƙansa, ranar da ya sallame ni bai ƙirga mini ko sisi ba. Hannuna ya kama ya kai ni wurin mutum uku da yake sari a wurinsu a Dawanau, ya ce wannan ɗana ne, abin da kuka ba shi ni kuka ba. Ina gaya muku wannan kalma ta fi mini kuɗin da zai iya ba ni a lokacin, domin kuɗi sau ɗaya za su sayi kaya, ita kuwa duk sawu tana saya.

Bayan wannan akwai abin da ka tara da guminka, ko dako ka yi ko tura baro, kada ka raina. Sahabi Abdurrahman ɗan Aufu da ya yi hijira zuwa Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa na Ansar ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, ya fara da ɗan cuku da man shanu. Shi ma baƙo ne a garin kamar mu. Akwai adashi, wanda Yarbawa ke kira ajo ko esusu, in da amintacciyar uwar adashi. Akwai kuma ƙiradi, wanda muka karanta a Risala: mai kuɗi ya kawo kuɗi, kai ka kawo ƙarfinka da saninka, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku. In an faɗi ba da sakacinka ba, asarar kuɗi ta mai kuɗi ce, kai ka yi asarar wahalarka. Amma a kula, da yawa abin da muke kira ƙiradi a kasuwa ba shi ba ne. In mai kuɗi ya ce ko an ci ko an faɗi duk wata ka kawo mini kaza, uwar kuɗina kuma tana nan, wannan bashi da ruwa ne aka sa wa rawani. Wanda harkarsa ta girma har yana bukatar banki, yanzu akwai waɗanda ba sa harka da ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Su ma fa littafinka za su fara tambaya.

Abin da nake roƙonku da girman Allah, ku nisanci rancen nan na cikin waya da ake ba mutum cikin minti biyar. Ruwansa ya fi ƙarfin ribar kowace irin albasa, kuma ranar da ka makara duk wanda ke cikin wayarka sai an aika masa cewa kai ɓarawo ne. Haka masu cewa kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari biyu bayan wata. MMM ta rufe da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, aka ce an yi hankali. Sai ga CBEX a watan Afrilu na 2025, a nan garin ma har ofishinsu na Oke-Ado mutane suka fasa don baƙin ciki. Ka tambayi kanka, wane kaya suke saye suke sayarwa da zai ninka kuɗi a wata guda? Cacar ƙwallo kuwa ba sai na ɓata bakina ba, malamai na zaune.

Akwai wata magana da ta shafe mu mu kaɗai, mu da ke kasuwanci a garin da ba na kakanninmu ba. Ba na son tayar da tsohon miki, amma wanda zai kafa rumfa dole ya san ƙasar da yake kafawa a kai. Mun ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, da Mile 12 a 2016, da nan Shasha a watan Fabrairu na 2021, inda 'yar hatsaniya tsakanin mutum biyu ta zama gobarar da ta cinye rumfuna da gidaje da rayuka. Akwai waɗanda duk abin da suka tara a duniya yana cikin rumfar nan, kaya da kuɗi a ƙarƙashin tabarma, suka wayi gari sai rigar jikinsu. Allah ya kiyaye gaba. Amma kai ma ka ɗaure raƙuminka. Kada ka tara komai wuri guda. Kuɗi su kwana a banki, wani abu kuma ya koma gida ya zama gona ko tumaki ko hatsi a rumbu. Ko bankin ma kada ka dogara da hanya ɗaya, kun dai ga yadda canjin kuɗi ya yi da mu a farkon 2023, mai tumatir na kallon kayansa na ruɓewa don masu saye ba takardar kuɗi a hannunsu, shi kuma ba shi da asusun da za a tura masa. Waɗanda ke da asusu da na'urar POS su suka yi ciniki a watannin nan. Haka yaranmu na Ikko da suka sayar da gona suka sayi babur, gwamnatin jihar ta hana acaba a manyan ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, aka kama babura aka murƙushe. Kafin ka zuba jarinka a sana'a, ka tambaya ko hukumar garin na maraba da ita.

Kuma ka riƙe takarda. Rumfar da ka kama, a rubuta yarjejeniya da mai ita, da shekarun da ka biya, da shaidu ɓangare biyu. Duk harajin da ka biya ka karɓi rasit ka adana. In harka ta fara tsayawa ka yi wa sunan kasuwancinka rajista a hukumar CAC, yanzu ta intanet ake yi, yaranmu 'yan makaranta za su iya taimaka maka, kuma da ita za ka buɗe asusu da sunan rumfa, ka raba shi da naka na kanka. Mai niyyar ƙulla kilishi ko yaji ko zuma a leda da suna ya kai manyan kantuna, ya san sai da lambar NAFDAC. Ka girmama Iyaloja da Babaloja na kasuwarku kamar yadda kake girmama Sarkin Hausawa. In rigima ta haɗa ka da ɗan gari kada ka ɗaga hannu, ka kawo ta wurin manya, domin marin da za ka yi ba kai kaɗai za ka biya shi ba.

Algus kuma, don Allah a bari. A sa manya a bakin kwando a cusa ƙanana a ƙasa, a bubbuge gindin kongo, a zuba wa wake maganin ƙwari mai guba don kada ya huje alhali mutane ne za su ci. Ga buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, yana kashe ƙwarin wake ba tare da ko ɗigon magani ba. Bahaushe ɗaya in ya yi algus, ba a cewa wane ya yi, cewa ake Hausawa sun yi.

Ba kuma dole ne kowa ya sayar da albasa ko goro ba. Wanda Allah ya ba shi hannu ya koyi gyaran waya, ko haɗa wutar sola, ko ɗinki, ko walda. Na ga 'yan mata a unguwar nan suna sayar da turaren wuta da atamfa da dambun nama ta WhatsApp daga cikin ɗaki, ana aika wa mutane har Fatakwal. Iyayenmu mata, ku ma duk abin da na faɗa ya hau kanku, musamman maganar raba uwar kuɗi da kuɗin cefane, don na san maigida kan ce ara mini in an jima, an jiman kuwa ba ta zuwa. Kowace sana'a ce dai sai an zauna a gaban wanda ya iya, sai an kuma san nawa abu ya tsaya.

Shugaba, ina da roƙo guda kafin in zauna. A buɗe littafi a ofishin ƙungiya. Duk yaron da ke son koyon kasuwa ya je ya rubuta sunansa da irin harkar da yake so da wanda zai tsaya masa. Duk maigidan da ke da wurin yaro shi ma ya rubuta. In an haɗa su, a zauna gaban Sarki da liman a yanke shekaru da abin da za a sallame shi da shi, a sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Ni na ɗauki biyu a bana, ɗaya a rumfar Bodija, ɗaya ya riƙa bin mota zuwa Dawanau, shekara huɗu-huɗu. Na ga Alhazai a sahun gaba suna sunkuyar da kai, to sakatare na nan da biro, kada kowa ya fita sai ya faɗi nasa.

 Allah ya sa albarka a nemanmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.